Firamaren da Yaya Sule Ya Zana a Bakin Kwari

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Malam Sule mai awon filaye. Duk shekara nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai aikin koyarwa ya sha kaina. Yau dai na zauna.

Lokacin da garinmu Makarfi ya soma faɗaɗa, shi aka ba aikin yanka filaye a wata sabuwar unguwa. Ma'aikata da manyan 'yan kasuwar hatsi ne suka sayi yawancinsu. Tsakanin sabuwar unguwar da unguwar Hayi akwai wani kwari da ke cika da ruwa duk damina. Mutanen Hayi kuwa 'yan ƙwadago ne da masu dakon buhu a kasuwa, waɗanda suka baro ƙauyuka neman abin kai wa baki. Makaranta ta yi wa 'ya'yansu nisa, da yawa ma ba sa zuwa.

Masu sababbin gidaje sun so a sa firamare a tsakiyarsu. Yaya ya ƙi. Ya zana ta a bakin kwarin, ƙofa ɗaya tana kallon Hayi, ɗaya tana kallon sabuwar unguwa, ya kuma zana kwalbati a tsakani. Cikin manyan filayen ya tsarma ƙanana, don mai ƙaramin ƙarfi ma ya samu wurin zama. An yi ta zuwa gida ana lallashinsa, har ta wajen mahaifiyarmu aka bi. Wani abokinsa tun na makarantar allo ya daina amsa gaisuwarsa. Ni ma da na ga yana ramewa, na ce ya bar musu ya huta. Ya dube ni ya ce, "Hajara, in muka raba su tun suna 'yan aji ɗaya, wa zai haɗa su in sun girma?"

An gina makarantar inda ya ce. Kwalbatin ne aka ce sai baɗi. Ya yi shekara da shekaru yana zarya a kansa har ciwo ya kwantar da shi, ya rasu ba a sauke ko tifa ɗaya ta yashi ba.

A wannan makaranta nake koyarwa yanzu, shi ya sa nakan tambayi kaina me zai ce da zai leƙo. Ƙananan filayen nan, masu hali sun saye sun haɗe da nasu, sun ja katanga. 'Ya'yansu mota ke zuwa ta kwashe su zuwa makarantun kuɗi. Ƙofar da ke kallon unguwarsu kwaɗonta har ya yi tsatsa. Ran da aka wayi gari da ruwa, ajina kusan wayam, sai 'yan waɗanda iyayensu suka saɓo a kafaɗa suka haye da su. Na san ba zai yi faɗa ba, ba halinsa ba ne. Zai dai tsaya yana kallon kwaɗon nan, abin da ya fi faɗan ciwo.

Farkon zangon nan wata matashiyar mata ta shigo da 'yarta, daga gani ba kuɗin makaranta ne ya gagare su ba. Ta ce tana cikin ɗaliban farko na makarantar, daga sabuwar unguwa. Na tambaye ta ko ta san yadda muka koma. Ta ce, "Na sani, Malama. Amma da mijina ya rasu, ƙawayena na Hayi ne suka zauna da ni har na gama takaba."

Na rubuta sunan yarinyar. Ita kaɗai ce daga can ɓangaren a duk ajin, ba zan yi wa kaina ƙarya in ce ta isa hujja ba. Abin da Yaya ya so bai samu ba, mu da ya bari kuma mun gaji. Sai dai ginin yana nan inda ya kafe a kai, kuma babu yaron Hayi da zai ce makaranta ta fi ƙarfin ƙafarsa, in dai ba a yi ruwa ba. Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya sa ka huta.