Hoton da Ya Sha Fil

Tana tsaye gaban teburin sakatare, rungume da fayil. Takalmin ya yi mata yawa, da gani na yayarta ne. Sakataren ko ɗago kai bai yi ba.

"Ƙanwata, wanda ya shekara uku yana aiki muke nema."

"Yallaɓai, bara na gama jami'a. A ina zan samo shekara ukun?"

Ya turo mata takardar neman aikinta da bayan biro.

Ta zare fil ɗin da ke riƙe da ɗan hotonta a jikin takardar, a hankali kada ya yage, don gobe akwai wani ofishin. Saman hoton duk huji ne, sun fi goma. Yarinyar da ke cikinsa ce kaɗai take murmushi har yanzu.