Kada a Ɓata wa Baffa Rai

Shekaru sun ja, mai yiwuwa wasu abubuwa sun cakuɗe mini, amma ina jin lokacin da kuɗin mai suka fara shigowa ne. Ina koyarwa a Tambuwal aka aiko in raka baffana, limamin unguwarmu a Kebbe, asibiti a Sakkwato. Wani abu ne ke bugawa kusa da cibiyarsa kamar zuciya ta biyu.

Likita ya ce babbar jijiyar jini ce kitse ya lalata, ta kumbura, kuma tana iya fashewa. Ko dai a kai shi Zariya a yi tiyata, wadda ba lalle mai shekarunsa ya tashi ba, ko a lallaɓa da maganin hawan jini, ya bar gishiri da maiƙo, kuma kada a ɓata masa rai.

A gida aka ce ni mai digiri in zaɓa. Digirina na labarin ƙasa ne. Na yi ta bayanin cewa kowace hanya da hatsarinta har aka kira la'asar.

"Ɗana, ni dai ba a yanka ni," in ji Baffa. "Mi likita yac ce daga ƙarshe? Maimaita musu."

Na maimaita.

Gishiri da man shanu bai bari ba, domin masu dubiya ke kawowa, kuma ba a mayar da kwanon dubiya. Sharaɗin ƙarshe kaɗai ya riƙe. Tsohuwar rigimar iyakar gona da ƙanensa ta mutu ranar da ya dafa ciki a gabansa. Matarsa, goggonmu, wadda ta saba mayar masa da magana, ta koma bayan rumbu tana faɗa wa kaji. Ni kuwa duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar makaranta sai in zaci saƙon rasuwarsa aka kawo.

Ya yi shekaru a haka, ba mai ce masa a'a. Jijiyar ta fashe wata safiya yana dariya a zaure. A zaman makoki kowa ya fara tabbatar da cewa ba shi ya ɓata masa rai ba, sannan ƙanensa ya tambaye ni ko tiyatar ta fi. Na gyara zama na soma cewa ya danganta.

"Bari, ɗan nan," in ji Goggo daga bayan zana, "la'asar ta kusa."

Har yau ban gama amsar ba. Wanda yake zauren a ranar, in ya ga na kauce, ya aiko mini da gyara.