Ƙashin da Mushe Isa ya jefa a masai

Shekara arba'in ke nan da rasuwar maigidana, Mushe Isa (Mushe laƙabin malaman boko ne a wajenmu), kuma har yau ban huce ba.

Mun yi aure ana murnar samun 'yancin kai, yana koyarwa a lakol, wato makarantar boko, ta Gazawa. An sake tuta, amma ba a taɓa sambol ba. Sambol wani ƙashi ne mai igiya da ake rataya wa yaron da aka kama yana Hausa a lakol maimakon yaren Nasara. Ba ya rabuwa da shi sai ya kama wani, wanda aka tashi yana wuyansa kuwa ya sha bulala. Haka yara suka koma tonon asirin juna.

Isa mayen asalin kalmomi ne, tuwo ya huce yana bayani. Ya ce kalmar nan ta sambol, wadda masu nazarin harshe a Ingilishi ma suke kiran alama da ita, daga Latin aka aro ta, Latin kuma daga Girkanci. A can, in ji shi, baƙo da mai masaukinsa kan raba tsingaro biyu, kowa ya riƙe rabi, ko jikokinsu ne suka gamu sai a haɗa a gane juna. "Hadiza, abin zumunci ne fa, dubi abin da suka mai da shi."

Wata rana kunama ta harbi wata yarinya a aji, ta ce "wayyo Inna", aka rataya mata sambol. Isa ya cire ƙashin ya jefa a masai. Darakta, shugaban lakol ɗin, ya ce ya kawo wani ƙashin ko ya ajiye alli. Na roƙe shi har da kuka, ga ciki gare ni. Ya ƙi.

Muka koma Gidan Sori noman gero. Bai taɓa cewa ya yi nadama ba, amma in hanya ta bi ta gaban lakol, sai ya zagaya ta bayan gari.

Yau jikata tana karatun Hausa a aji, ba mai dukanta. Da yana nan, na san ba zai yi fahariya ba, alli kawai zai nema. Mutane na ce mini ya yi nasara. Wataƙila. Ni dai na ga kwanakinsa na ƙarshe, zazzaɓi ya gusar masa da hankali, yana nuna bango da yatsa yana ba da darasi, da Hausa. Yana ta cewa, "Ku yi magana, yara, kada ku ji tsoro." Ni kaɗai ce a ɗakin, ni na riƙa amsa masa.