Ranar da Kakata Ta Ga Maƙeran Azurfa

Jiya na bi ta gaban wani shagon gwal a unguwar Kampung Baru, a nan Malesiya, na jiyo ƙaramar guduma tana ƙwas-ƙwas daga ciki. Nan take na tuna falonmu na unguwar Cheras, lokacin ina 'yar firamare.

Mahaifiyata tana digiri na uku ne a kan yadda ake koyar da zane da ƙira. Kakata, wadda ta haife ta, ta zo daga Kano jegon ƙanena. Ka san daminar garin nan, kullum la'asar sai ruwa ya sauko. Kayan jariri sun ƙi bushewa a baranda, gidan ko'ina ƙamshin kunun kanwa.

Cikin makarantun da mahaifiyata take nazari akwai wata ta Yahudawa a birnin Ƙudus. Maganar ta fita ranar suna, matan 'yan ƙasarmu suka yi ta tsegumi, wasu har suka daina ɗaga wayarta. Ta yanke shawarar cire babin makarantar daga kundin digirinta, ko da hakan zai ja mata ƙarin shekara. Kakata ta goyi baya, ta ce me ya haɗa mu da su.

Ranar da za ta cire, kakata na gefenta tana jijjiga jariri. Mahaifiyata ta shiga ba ta labarin makarantar, cewa da saƙar darduma da ƙirar azurfa aka fara, ta taɓa durƙushewa har aka rufe ta, daga baya aka sake buɗewa, yanzu kuma ana koyar da zanen gini da ɗaukar hoto da ginin tukwane. Sai ta nuna mata wani tsohon hoto na maƙera 'yan Yaman, sun duƙufa suna murɗa zaren azurfa.

Kakata ta daina jijjigar, ta ce a ƙara wa hoton girma.

"Haka babana yake zama," in ji ta. "Har riƙon awartakin."

Sai ranar na san cewa mu jinin maƙera ne. Tun da kakata ta yi aure a gidan ma'aikata aka riƙa yi mata gori, ta daina zancen. Da mahaifinta ya rasu, 'yan gwangwan aka sayar wa kayan aikinsa.

Ta jima tana kallon hoton. "Su sun gina wa nasu makaranta, mu mun ɓoye namu. Kada ki cire. Ki ƙara da na babana."

Har ta koma gida, kullum bayan la'asar tana ba da labarin aikin babanta, mahaifiyata tana rubutawa. Wasu cikin matan ba su sake tako gidanmu ba.

Kakata ta rasu. Ni yanzu kayan ado nake zanawa a kwamfuta, inji ya fitar. Bara na je Kano na nemi inda rumfar baban kakata take, na tarar cajar waya ake sayarwa a wurin, kuma duk dattijon da na tambaya bai tuna shi ba. Abin da ya rage na aikinsa 'yan shafuka ne cikin kundin mahaifiyata a ɗakin karatun wata jami'a a Malesiya, da Turancin da bai taɓa ji ba.