Ɗigo Uku a Ƙasan Layi

Har yau ina tuna ranar da kundin Malam Sabo ya dawo daga jami'a. Lokacin ina akawu mai buga tafireta a wata sakandare a Birnin Kudu, shekarun da arzikin mai ya fara buɗewa. Malam Sabo mutumin Kwandiko ne ta ƙasar Gwaram, yana koyar da kimiyya, yana kuma rubuta kundin digirinsa na biyu. Ni ke buga masa, in kwafe zane-zanensa da tawada.

Akwai wani zane mai layi a kwance da ɗigo biyar, biyu a kan layin, uku sun zamo ƙasa. Mu kuwa a ofishin En'e, hukumar gargajiya ta da, aka horar da mu, inda karkataccen aiki abin kunya ne. Sai na sa rula na hau da ukun kan layi, a ganina na rufa masa asiri. Da yake ya yarda da ni, bai duba ba ya kai gidan waya.

Ranar da kundin ya dawo, ya kira ni ofishin malamai, shafin zanen duk jan biron masu jarrabawa.

"Malam Isa, wa ya taɓa ɗigon nan?"

Na ce, "Yadda ka ba ni haka na kwafa, Malam." Ya zaro wanda ya zana da hannunsa ya ajiye gefen nawa.

Ya ce, "Innalillahi! Zauna ka ji. In an harba ƙwayar zarra kan 'yar'uwarta, ɗigon nan ne ke nuna inda suke kama juna. Na kan layi, sun haɗe ke nan, zama daram. Na ƙasa baƙo ne, ya ɗan tsaya ya wuce, kuma gwargwadon nisansa da layi, gwargwadon saurin tafiyarsa. Shekara biyu ina farautar baƙin nan uku, kai ka mai da su 'yan gida da rula!"

Masu jarrabawa ba su sake zama ba sai da shekara ta zagayo. Gurbin koyarwa da jami'ar ta tanadar masa aka bai wa wani. Bai kai ni gaban shugaban makaranta ba, a kan gyaran ko a kan ƙaryar, kuma hakan ya fi duka ciwo.

Ku masu tasowa, abin da kuka gani a karkace ba ku gane shi ba, ku tashi ku tambayi mai shi. Tsakanin teburina da nasa taku goma ne.