Tubalin Ɗakin Inna

Ranar kasuwar Makarfi ce, a ƙarshen bazarar shekarar da nake aji huɗu. Muna 'yar gala-gala a gindin mangwaron makaranta, sai iska ta juyo daga gabas, hadari ya taso baƙi ƙirin kamar an kife tukunya a kan ƙauyenmu. Yara suka ɓarke da ihu da tsalle. Ni kuwa na watsar da wasan na ruga fadama, ko takalmi ban tsaya ɗauka ba, domin tubalinmu yana can shanye a bakin rafi, kuma a kan tubalin nan dawowar mahaifiyata ta rataya.

A daminar da ta gabata ne bangon ɗakin Inna ya zube gab da shimfiɗar ƙanena. Ta goya shi ta tafi gidansu a Likoro. Ta ce ba yaji ta yi ba, amma ba za ta ƙara kwantar da jariri a inda rai ke hannun bango ba. Ranar da aka gina ɗaki, ranar za ta dawo. Aka bar ni wajen kakata saboda makaranta, ni ce shara, ni ce surfe, kaina ya yi wata ba kitso. Duk ranin nan, da an tashe mu sai fadama. Baba yana haƙo jar ƙasa, ina ɗebo ruwa da tulu, mu zuba yankakkiyar ciyawa mu yi ta tattakawa har ƙafafuna suka yi kaushi. Shi yana mulmula tubali yana jerawa, ni ina gina ɗakin a zuciyata: labule shuɗi, kwanoni jere suna ƙyalli, turaren wuta yana tashi a hankali, ga Inna a bakin ƙofa ta ɗora kaina a cinyarta.

Tubali ya bushe tun mangwaro bai nuna ba, kuma ga jaki ɗaure a gidanmu. Sai dai a garinmu mutum ba ya kwashe tubalinsa shi kaɗai. Gayya ake kira, dangi su zo da jakuna da amalanke, a dama kunu, a raba goro. Wanda ya kwashi nasa da kansa ya nuna wa duniya ya raina 'yan'uwansa ke nan. Babban gida ke sa rana, babbanmu kuwa Baffa Sale ne, yayan Baba. Ya ɗaga ranar saboda saran rakensa, ya sake ɗagawa saboda sharar gonarsa. Ina zaune Baba ya durƙusa ya ce, "Yaya, hadari fa ya fara leƙowa." Baffa ya tofar da tuƙar goro ya ce, "Kai dai Audu tun kana yaro garaje gare ka. Ruwan fari ƙasa ke shanyewa, ina ya ga ta kaiwa rafi?" Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Yaya."

Ranar da ruwan ya zo, maza duk suna kasuwa. Aka tsuge kamar da bakin ƙwarya tun azahar, ƙasa ta sha ta ƙoshi, ta fara amayarwa. Na janyo wata tsohuwar zana na rufa wa layin farko, iska ta fizge ta. Na rungumi tubali zan gudu da shi tudu, ya narke a ƙirjina kamar tuwon da ya kwana a ruwa. Rafin bai yi wani haukan a zo a gani ba. Tumbatsa kawai ya yi, ya malalo cikin fadama, ya kwana, ya koma. Ko akuya bai ci ba.

Da gari ya waye yara suka fito da kwanduna suna kamun tarwaɗa a kududdufai, manya suna ta barka da ruwa, kowa da ƙwaryar iri a hannu. Inda tubalinmu yake sai tsibin jan taɓo, sumul kamar an shafe da hannu. Baba ya durƙusa ya ɗebi taɓon, yana murzawa a tafin hannunsa. Baffa ya biyo zai tafi shuka, ya leƙa ya ce, "Allah bai nufa ba. Ƙasa ce ai, baɗi ma tana nan."

Ba a yin tubali da damina. Kawunnena na Likoro suka ce mutumin da ya kasa ce wa yayansa a'a ba zai iya riƙe 'yar'uwarsu ba. Magana ta yi ta zuwa tana komawa a bakin 'yan kasuwa, kullum tana ƙara tsami, kafin a kai dawa rumbu aure ya mutu. Daga baya Inna ta yi aure a Ikara. Nakan je da hutu, a shimfiɗa mini tabarmar baƙi.

Yanzu bulon siminti ake saye, mota ta sauke maka a ƙofar gida, ba mai jiran wani ya sa masa rana. Tsofaffi suna kukan gayya ta mutu, zumunci ya bi ta; idan suna faɗa nakan tashi in ba su wuri. Har yau a garinmu, in ana tuna shekarar nan, cewa ake shekarar da masara ta yi kyau. Ni ban ƙara kwana ɗaki ɗaya da uwata ba.