Kurar da Ta Yi Atishawa

Daminar shekarar da gubar dalma ta shiga Yargalma, wata Talata da hantsi, ina zaune bakin gadon jikata Hanne a asibitin Bukkuyum. Ƙanenta mun riga mun rufe shi. Ita ma ta daina karɓar kunu, sai ido. Aka kunna wa yara talabijin, aka sa musu katun, zanen nan mai motsi. Turanci ake yi, ban ji ko kalma ba, amma da na ga yarinya da ƙwarya a ka ta saki hanya, sai na gane. Na san tatsuniyar.

Inna ce ta ba mu ita muna ƙanana, a gindin rumbu, muna ɓarar wake. Lokacin nan ni ke kai wa Baba fura gona, ta tsakiyar dawar da ta fi ni tsawo, ba abin da kake ji sai motsin ganye da numfashinka. A bakin Inna, yarinya ta ratse tsintar ɗinya, kura ta haɗiye ta, warwaronta kaɗai aka samu. Inna ba ta sassautawa. Takan dube mu ɗaya-ɗaya ta ce, "Kun ji ko? Ba ta komo ba." Ƙawayena sun sha kirana carafke a inuwar ɗinya, ban taɓa sauke ƙwaryata ba. Haka na ba 'ya'yana ita, haka na ba Hanne, ban rage komai ba.

Kurar talabijin kuwa shuɗiya ce, har da gashin ido. Ta haɗiye yarinyar, ta yi atishawa, sai ga yarinya ta faɗo, ko furar ba ta zube ba. Har rawa suka yi tare.

Hanne ta juyo da ƙyar. "Kaka, ke kin ce ba ta komo ba."

Na dubi allurar da ke hannunta. Yarinyar nan ba ta saki hanya ba. A tsakar gidanmu aka daka duwatsun zinariya masu dalmar, a nan ta yi rarrafe, a nan take cin tuwonta.

Na ce, "Tsufa ne, ɗiyata, na mance ƙarshen. Ta komo."

Ta daɗe tana kallona. Can ta ce, "To, ba ni kunun."

Allah Ya tashi kafaɗunta, ko da yake har yau magana na yi mata nauyi. Yanzu ita ke tara yara a gindin rumbu, kurarta kullum sai ta yi atishawa, ni kuwa ba na gyara mata. A zamaninmu kura tana jeji, Inna ta san inda za ta ce kada mu taka. Ni ban san inda zan nuna musu ba.